Abu Zaid al-Balkhi: Malamin da ya rubuta maganin damuwa da waswasi shekara 1,100 da suka wuce

Duk lokacin da aka fara sakin sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a jami'o'i, akwai wata hira da ake maimaitawa a gidaje daga Birnin Kudu har Gwaram. Yaro ya nemi likitanci ko aikin lauya, sai aka ba shi saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam. Uba zai tambaya ko karatun kula da mahaukata ne. Kawu zai ce ya ji labari karatun Turawa ne da ke raba mutum da imaninsa. Sau da yawa maganar tana ƙarewa ne da yaro ya haƙura, ya jira baɗi ya sake zana JAMB.

Wanda kuma ya daure ya tafi, a ajin farko za a gaya masa cewa wannan ilimi ya tsaya da ƙafarsa ne a 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a birnin Leipzig na Jamus. Hakan gaskiya ne idan ana maganar gwaji da awo. Amma shekara 945 kafin wannan rana, wani dattijo ya rasu a wani ƙauye da ke ƙasar Afganistan ta yau, ya bar littafin da ya rarraba fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi babi-babi, ya kuma faɗi yadda ake magance kowanne. Sunansa Abu Zaid Ahmad ɗan Sahl al-Balkhi.

Ɗan malamin makaranta

An haife shi wajen shekarar 850 Miladiyya, wato 235 bayan Hijira, a ƙauyen Shamistiyan da ke kusa da birnin Balkh a yankin Khurasan. Kufan tsohon Balkh na nan har yau, kimanin kilomita 20 daga Mazar-i-Sharif. Mahaifinsa mutumin Sijistan ne, sana'arsa koyar da yara.

Yankin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi. Garin Tirmiz, mahaifar Imam Tirmizi, yana tsallaken kogi ne daga Balkh. Lokacin da Imam Bukhari ya rasu a 870, Abu Zaid yana saurayi ɗan kimanin shekara 20.

Tun yana matashi ya bi ayarin mahajjata a ƙafa ya nufi Iraki, ya yi shekara takwas a can yana neman ilimi. Babban malaminsa shi ne Ya'aƙub ɗan Ishaƙ al-Kindi, wanda ake wa laƙabi da masanin falsafar Larabawa. A wannan zamani ana ta fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, don haka ɗalibi irinsa yana iya karanta tafsiri da safe, da yamma ya koma kan likitanci ko lissafi ko ilimin taurari. Abu Zaid ya ɗebi kowanne.

Masu tarihin rayuwarsa sun siffanta shi da mutum siriri, mai matsakaicin tsayi, mai zanen agana a fuska, mai kunya da yawan shiru. A taro ba a cika jin muryarsa ba. Da alƙalami kuwa, har ana kiransa Jahiz na Khurasan, ana kwatanta shi da shahararren marubucin nan na Basra. Abu Hayyan al-Tauhidi, wanda ba ya yabon mutum da arha, ya sa shi cikin mutum uku da ya fi girmama rubutunsu.

Da ya dawo gida, sai ya kama sana'ar mahaifinsa, ya zauna yana koyarwa.

Ya ƙi waziri, ya karɓi magatakarda

Wajen shekarar 918, wani kwamanda mai suna Ahmad ɗan Sahl al-Marwazi ya riƙe Balkh a ƙarƙashin daular Samaniyawa da ke mulki daga Bukhara. Ya nemi Abu Zaid ya zama wazirinsa. Abu Zaid ya ƙi, ya yarda da aikin magatakarda kawai. Sarautar waziri ta faɗa hannun abokinsa, malamin tauhidi Abul Ƙasim al-Ka'abi.

Yaƙut al-Hamawi, wanda ya tattara tarihin marubuta, ya kawo albashinsu: waziri dirhami 1,000 a wata, magatakarda 500. Ya ce al-Ka'abi yakan sa ma'aji ya cire dirhami 100 daga nasa ya ƙara wa Abu Zaid.

Ƙin da ya yi ya zame masa alheri. Ba a daɗe ba Ahmad ɗan Sahl ya yi wa Samaniyawa tawaye, aka kama shi, ya mutu a kurkukun Bukhara a 920. Abu Zaid kuwa ya riga ya mallaki gona a ƙauyensu Shamistiyan, can ya koma.

Akwai wani labari da masanin ƙasa al-Maƙdisi ya kawo wanda ke ba ni dariya duk lokacin da na tuna shi. Sarkin Bukhara ya aika a kira Abu Zaid don ya amfana da shawararsa. Ya kama hanya har bakin kogin Jaihun, wanda yau ake kira Amu Darya. Da ya ga faɗin ruwan da ƙarfin igiyarsa, sai ya rubuta wa sarki cewa idan don kyawun shawararsa aka kira shi, to shawarar da ya ba kansa ita ce kada ya haye wannan ruwa. Ya juya ya koma gida. Wataƙila dabara ce ta guje wa fada, tunda ya ga abin da fada ke yi wa mutane. Wataƙila kuma tsoron ruwan ne da gaske. Idan na biyun ne, to mutumin da ya rubuta babi guda kan tsoro ya san abin daga ciki.

Rubutu ma ya taɓa jawo masa asara. Wasu manyan da ke ba shi kuɗin tallafi sun yanke saboda littattafan da ya rubuta waɗanda ba su yi musu daɗi ba, wasu kuma sun zarge shi da karkata a aƙida, kamar yadda aka saba yi wa duk wanda ya karanta falsafa a lokacin. Amma malamai sun yaba wa littafinsa kan tsarin Alƙur'ani, Nazm al-Ƙur'an, kuma an san shi da ƙin shiga gardamar fifita wani sahabi a kan wani, ko fifita Balarabe a kan Ba'ajame.

Ya rubuta littattafai kusan 60. Ƙarnuka da yawa an fi saninsa da ilimin taswira, saboda littafinsa Suwar al-Aƙalim mai ɗauke da taswirorin ƙasashen Musulmi. A kansa al-Istakhri da Ibn Hauƙal suka ɗora nasu aikin, har masana suna kiran wannan salon zane da makarantar Balkhi. Littafin da ya sa ake maganarsa a yau kuwa wani ne daban.

Gyaran jiki da gyaran rai

Sunan littafin Masalih al-Abdan wal-Anfus, wato abubuwan da ke gyara jikuna da rayuka. Kashi biyu ne. Na farko yana da babi 14 kan jiki: iska, ruwa, muhalli, abinci, barci, wanka, motsa jiki da sauransu. Na biyu babi takwas ne kan rai.

Ya buɗe kashi na biyu da ƙorafi a kan likitocin zamaninsa. A ganinsa sun cika littattafai da zazzaɓi da ciwon ciki, sun manta cewa mutum jiki ne da rai, kuma idan ɗaya ya kamu ɗayan ba ya tsira. Mai zazzaɓi ba ya iya tunani sosai, mai damuwa kuma yakan daina cin abinci ya rame har ya kwanta. Ya ƙara da wata hujja mai sauƙi: mutum na iya shafe shekaru bai yi ciwon jiki ba, amma da wuya a wuni a kwana bai ji fushi ko fargaba ko ɓacin rai ba. Don haka cutar da ta fi yawan zuwa ita ce ta fi buƙatar a koyi maganinta.

Maganin a wurinsa yana zuwa ta hanya biyu. Akwai na waje, wato nasihar mutum mai hankali da aka amince da shi, wanda ke yi wa rai irin aikin da likita ke yi wa jiki. Akwai na ciki, wato tunanin da mutum ke horar da kansa da shi. A nan ya kawo shawarar da ta fi burge ni. Kamar yadda mai hankali ke ajiye magani a gida tun yana lafiya saboda ranar da ciwo zai zo ba shiri, haka ya kamata mutum ya tanadi tunani masu kyau tun hankalinsa na kwance. Ranar da tashin hankali ya zo, ba lokacin neman hujja ba ne, sai dai a ɗauko wadda aka riga aka ajiye.

Kan fushi ya fi yin magana da masu mulki, domin fushinsu ne ke cin rayuka. Ya ba su shawarar su ajiye mutanen da aka ba izinin yi musu magana idan ransu ya ɓaci, su kuma riƙa jinkirta hukunci. Ya kwatanta fushi da wuta, wadda ake kashewa cikin sauƙi tun tana ƙarama.

Kan tsoro ya lura cewa yawancin abin da mutum ke jin tsoro ba ya faruwa, wanda ya faru ma bai kai yadda aka zata ba. Misalinsa hazo ne. Mu da muka san hazon hunturu a hanyar Birnin Kudu zuwa Kano ba ma buƙatar dogon bayani: daga nesa kamar bango, idan ka shiga sai ka ga iska ce kawai kana numfashi a cikinta. Ya kuma ce sabo na rage tsoro. Wanda bai taɓa ganin jini ba yakan firgita, amma soja da mai ɗinkin rauni sun saba saboda yawan gani. A yau masu ilimin halayya suna magance tsoro mai tsanani ta hanyar kusantar da mutum ga abin da yake tsoro kaɗan-kaɗan har ya saba.

Baƙin ciki iri biyu

Babin baƙin ciki ne ya fi dacewa da halin da muke ciki. Abu Zaid ya bambanta raki mai tsanani da ke zuwa lokacin da masifa ta sauka, da baƙin cikin da ke zama bayan nan. Na farko kamar harshen wuta ne, na biyu kamar garwashin da ya rage yana ci a hankali.

Sannan ya raba baƙin ciki gida biyu. Akwai wanda aka san dalilinsa: rasuwar ɗa, karyewar jari, rasa wani abin so. Wannan ana magance shi da magana da tunani. A tuna wa mutum cewa duniya dama haka aka gina ta, cewa wasu sun rasa fiye da nasa, cewa zafin yau ba zai kai haka ba bayan wata guda, kuma kada ya bari asarar abu ɗaya ta ja masa asarar lafiyarsa, wadda ta fi abin da ya rasa daraja.

Akwai kuma wanda ba shi da wani dalili da ake gani. Mutum na zaune lafiya sai wani nauyi ya sauko masa, ya daina jin daɗin komai, ya rasa kuzari, ko shi kansa ba zai iya cewa ga abin da ya same shi ba. Abu Zaid ya ce asalin wannan daga jiki yake, don haka nasiha kaɗai ba ta isa ba. Sai an haɗa da magani na jiki, tare da zama da mutanen da ke faranta masa rai.

Wannan rarrabewa ita ce har yanzu ba mu gama koyo ba. A garuruwanmu, matar da ta haihu ta shiga ɗaki ta daina magana, ko saurayin da ya daina fita majalisa ya kwanta wata da watanni, abin da suka fi ji shi ne su yi haƙuri su gode wa Allah, me suka rasa? Idan abin ya ƙi, a ce sammu ne ko iska. Ba a cika kaiwa ga tunanin asibiti ba sai mutum ya fara fisge-fisge. Malamin Balkh, wanda ya san Alƙur'ani har ya rubuta littafi a kansa, bai ɗauki irin wannan ciwo a matsayin raunin imani ba. Ciwo ya kira shi, ya nema masa magani.

Waswasi

Babi na ƙarshe kan waswasin zuci ne, kuma ya ce yana cikin mafi wahala. Kowa ya san irin mutumin: ya yi alwala ya sake, ya tayar da kabbara ya yanke, ko wani mugun tunani ya maƙale masa cewa zai mutu ko wata masifa na tafe, ya san ba hujja amma ya kasa korar tunanin. Ɗaliban Risala sun san hukuncin wanda kokwanto ya aure shi a salla, cewa ya yi watsi da kokwanton ya ci gaba. Abu Zaid ya ɗauki matsalar daga inda fiƙihu ya tsaya, ya tambayi yadda za a yi mutum ya iya yin watsin.

Ya ambaci cewa wasu na danganta waswasi ga sinadaran jiki, wasu ga shaiɗan, amma bai tsaya raba gardamar ba, domin abin da ya dame shi shi ne yadda mai ciwon zai samu sauƙi. Ya hana shi kaɗaici, ya hana shi zaman banza, saboda zuciyar da ba ta da aiki ita ce ke juyowa ta ci mai ita. Ya ce ya nemi amini mai gaskiya da zai riƙa gaya wa abin da ke ransa, shi kuma yana nuna masa inda tunanin ya kauce. Ya kuma koya masa ya riƙa yi wa waswasin gardama kamar abokin shari'a: sau nawa zuciya ta ce masa abu kaza zai faru, kuma sau nawa ya faru?

A 2015 Dakta Rania Awaad ta Jami'ar Stanford a Amurka da abokiyar aikinta Sara Ali sun wallafa bincike inda suka gwada bayanin Abu Zaid da ma'aunin da likitocin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi yau wajen gane ciwon waswasi mai tilasta maimaita abu. Sun samu kamanni mai yawa.

Sai dai a yi hattara da zuzutawa. Na sha ganin rubuce-rubuce a Facebook da ke cewa duk abin da Turawa suka sani a wannan fanni daga wurinsa suka kwasa. Babu hujjar haka. Aaron Beck, wanda ya gina hanyar magani ta gyaran tunani a shekarun 1960, ya kai ga nasa ne ta hanyar aiki da marasa lafiya da gwaji. Abu Zaid kuma ɗan zamaninsa ne. Ya yarda da ra'ayin likitocin Girka cewa ruwaye huɗu ne ke tafiyar da jiki, ra'ayin da kimiyya ta daɗe da ajiyewa. A kashin jiki na littafin akwai babi kan abin sha mai sa maye da babi kan sauraron kiɗa, waɗanda malamanmu da yawa ba za su sa hannu a kansu ba. Darajarsa tana cikin kaifin lura da yadda ya tsara abin da ya gani, kuma wannan ya ishe shi.

Daga Istanbul zuwa aji

Littafin ya yi ƙarnuka kusan ba mai waiwayarsa. Kwafi biyu na rubutun hannu ne suka tsira a tarin littattafan Ayasofya da ke Istanbul. A 1984 masanin nan ɗan Turkiyya Fuat Sezgin ya buga hotonsa a Frankfurt. A 2005 Dakta Mahmud al-Misri ya fitar da tataccen bugu na Larabci a Alƙahira. A 2013 Farfesa Malik Badri, ɗan Sudan, ya fassara kashin rai zuwa Turanci. Badri, wanda ya rasu a 2021, shi ne tun 1979 ya rubuta littafi kan tsaka-mai-wuyar da Musulmi masu wannan ilimi ke ciki, tsakanin abin da aka koya musu a jami'a da abin da suka yi imani da shi.

A Najeriya, sashen farko na wannan fanni an buɗe shi ne a Jami'ar Nsukka a 1964. A Arewa, Jami'ar Jos na cikin waɗanda suka daɗe suna ba da digirinsa. Ɗalibin da ya shiga zai yi shekara huɗu yana karanta yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, yadda yaro ke girma, yadda ake koyo da mantuwa, da lissafin ƙididdiga mai yawa, abin da ke ba sababbin ɗalibai mamaki. Digirin farko ba ya mai da shi likita, ba zai rubuta magani ba. Wanda ke son duba marasa lafiya sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti. Ko wanda bai ɗauki fannin kacokan ba yana haɗuwa da shi: ɗalibin NCE a Gumel da ɗalibar aikin jinya a Birnin Kudu duk suna yin darasinsa.

Buƙatar kuwa a fili take. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Iyalin da ke Gwaram idan nasu ya kamu da ciwo mai tsanani, sunayen da ake ambata musu su ne Kazaure ko Dawanau a Kano, tafiya mai nisa da tsada. Masu ƙananan matsalolin da Abu Zaid ya fi damuwa da su, waɗanda ba su kai a ɗaure su ba amma ba sa barci, yawanci ba inda suke zuwa.

Abu Zaid ya ƙare rayuwarsa a gonarsa ta Shamistiyan, yana karatu yana koyarwa. Cikin ɗalibansa akwai Abul Hasan al-Amiri, wanda ya zama babban masanin falsafa a Khurasan. Ya rasu a watan Zulƙida na shekarar 322 bayan Hijira, wato 934 Miladiyya, yana da shekara tamanin da ɗoriya, shekara 870 kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Littafinsa na taswira ya ɓace, sai abin da ya rage a cikin ayyukan waɗanda suka biyo bayansa. Nazm al-Ƙur'an ma bai iso gare mu ba. Daga cikin kusan 60 ɗin nan, na gyaran jiki da rai ne ya iso hannunmu cikakke.